Kowa na cewa a yi magana, amma kada a sa sunansa

Mai Caji: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau dai zan amayar da abin da ke cikina, wanda ya ji haushi ya yi haƙuri. Kun san damina biyu ke nan da iska ta yaye kwanon ɗakin haihuwa na asibitin unguwarmu, har yau leda ce a sama an danne da duwatsu. Sati uku da suka wuce a nan cikin zauren nan aka yi ta kumfar baki, a rubuta takarda, a rubuta takarda, har wani ya ce in ba mu rubuta ba to mu daina kiran kanmu maza. To na rubuta wa ƙaramar hukuma. Ba zagi a ciki, ba sunan kowa, tambaya uku ce kawai: an ware kuɗin gyara ko ba a ware ba, in an ware nawa ne, kuma wa aka ba aikin. Kwana goma tana bisa tebur a shagona, kowa ya zo caji yana ganinta. Mu 214 ne a zauren nan, kun san mutum nawa suka sa hannu? Tara. Cikin taran nan huɗu mata ne, biyu ma dangwale suka yi. Sauran kowa sai "ina bayanka ɗari bisa ɗari amma kada ka sa sunana". Shi wanda ya fi kowa zafi a nan da na miƙa masa biro cewa ya yi bari ya je ya dawo, wallahi har cajarsa ya bari a wurina, yau kwana shida. Dan Allah ku gaya mini, tsoron me muke ji?

Ɗan Kabu-kabu: Hhhh wallahi ba ni ba ne mai cajar. Amma aboki bari in gaya maka, ni ban sa ba kuma ba zan sa ba. Kai shago gare ka, ni kullum bisa titi nake, ranar da aka so a kama ni ba a rasa dalili ba, ko lamba ko hular kwano ko lokacin dokar hana hawa mashin. Takarda ba ta taɓa rufa ɗaki ba a ƙasar nan.

Ɗiyar Gusau mai karatun lauya: Yaya Mai Caji sannu da ƙoƙari. Abin da ka rubuta ɗin nan ba roƙo ba ne fa, kuma ba rashin kunya ba ne, akwai doka sukutum a kansa, dokar 'yancin samun bayanai wadda Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011. Duk ɗan ƙasa yana iya tambayar hukuma takardun yadda ta kashe kuɗin jama'a, kuma ba sai ya faɗi dalilin da ya sa yake so ba. Kwana 7 aka ba su su amsa, in aikin da yawa su ƙara wasu 7, in sun ƙi kana da kwana 30 ka kai ƙara kotu, kuma in kotu ta tabbatar an hana ka ba bisa ƙa'ida ba akwai tarar naira 500,000. Wanda bai iya rubutu ba ma dokar ta ce wani ya rubuta masa. Da can jihohi na fakewa da cewa wai dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, to a 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata shari'a da ta taso daga Edo, ta ce ta hau kan jihohi ma. Kuma ka sani sa hannun mutum ɗaya ma ya isa, yawan hannuwa nauyi kawai yake ƙara mata.

Ɗan Kabu-kabu: Ƙanwata duk wannan a littafinku ne. Ai a bangon caji ofis ma an rubuta beli kyauta ne da manyan baƙaƙe, ki je ki karɓo mutum kyauta mu gani.

Ɗiyar Gusau mai karatun lauya: Na taɓa kuwa Yaya, kuma ni mace. An kama ɗan ƙanin babanmu a madadin wansa kan maganar bashin taki, na je na ce musu a hankali, ranka ya daɗe dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, kuma ta hana kama mutum kan bashi, ba ihu ba zagi. Sun shanya ni a benci tun hantsi har bayan la'asar, wani yana ta ce mini lauya marar riga, amma da magariba da yaron muka koma gida ban ba da ko sisi ba. Ban ce kullum haka za ta faru ba. Amma mutum nawa ne ke tsayawa ya faɗa? Kafin a ce komai mun riga mun sa hannu aljihu, mu da kanmu muka yanka wa belin farashi.

Baba Tsohon Akawu: Ɗana Mai Caji, Allah shi yi maka albarka. Ni ina cikin taran, kuma in anka kawo wata gobe sai in sa. Ku yaran yanzu ba ku san abin da ag gare ku ba. Ni na yi aiki zamanin da dut takardar ƙasag ga sai an kai ta Sakkwato, tun ba a yanke muna Zamfara ba a 1996. Na ga 1984 da idona, lokacin da soja sunka yi doka mai lamba 4, anka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, don labarin da sunka buga, ga kuma doka mai lamba 2 wadda za a aje mutum ba shari'a ba ranar hita. Lokacin nan in kana ofis ko tari za ka yi sai ka duba bayanka. Mahaifina kuwa ɗan NEPU na, shi ka ba mu labarin yadda 'yan doka ka kama mutum don kawai ya tsaya sauraren lacca, a kai shi gaban alƙali, a yi mai bulala ko wata ukku gidan yari. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 ana ɗaure ta, kuma cikin abin da take wa faɗa har da mace ta yi zaɓe, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976, ina saurayi na ga layinsu na hwarko. Waɗancan an hana su sunka yi. Ku an ce ku yi, an rubuta muku a tsarin mulki, kun ce a sakaya sunanku. To mi kuke so?

Manomi daga ƙauye: Baba a gahwarce ni, amma wanga zance na 'yanci ni dariya yake ba ni. Shekara ukku ke nan ina zaune garin ga cikin kangon wani, gonata tana can ban iya zuwa. Waɗanda sunka tsaya sai sun biya ɓarayin daji kahin su yi shuka, su sake biya kahin su girbe. An ce muna da 'yancin zuwa inda muka so, to ni hanyar garinmu ma ban iya bi bayan ƙarhe huɗu. Wanda bai da 'yancin kwana ɗakinai, mi takarda za ta yi mai? Kuma ku ba ku san wani abu ba, yanzu in ka cika magana sai wani maƙiyinka ya ce kai infoma na, shi ke nan an gama da kai ba a ko tambaye ka.

Baba Tsohon Akawu: Gaskiya ta ka hwaɗi, ban da abin da zan ce maka sai Allah shi maida ku gida lahiya. Ban ce kowa shi sa ba. Wanda ad da dalili irin naka, Allah ya gani. Da masu shaguna da masu albashi da masu digiri nike.

Inna Ungozoma: Ni dai bari in yi magana tunda ni ka shiga ɗakin nan kullum. Daren Talatar da ta wuce ruwa ya sauko muna tsakiyar karɓar haihuwa, da fitilar waya muka yi, yarinya ɗaya na riƙe da roba tana tarbe ruwa kada shi zuba bisa mai naƙuda. Mai ɗaki shi ya san inda ke mai yoyo, to mu munka sani. Kuma kai ɗana mai mashin da ka ce takarda ba ta taɓa yin komi ba, shekarunka ne ba su kai ba ko mantuwa? A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙasar Anka da Bukkuyum, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka zo, anka share ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, Bagega kuwa anka bar ta, kuma likitoci sunka ce ba su iya fara ba yara magani sai an kwashe ƙasar mai guba, don ko an ba su komawa za su yi cikinta. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗi a 2012, shiru, wata da watanni. Wasu samari ne da ƙungiyoyi sunka ɗauki abin sunka yi ta bugawa a intanet da jaridu suna tambaya ina kuɗin Bagega, ina kuɗin Bagega, har 'yan majalisa sunka sa baki, farkon 2013 anka saki kuɗin anka yi aikin. Da sun ce a sakaya sunansu fa?

Ɗan Kabu-kabu: Inna ai waɗannan 'yan Abuja ne, suna da Turawa a bayansu. Mu wa gare mu?

Inna Ungozoma: Kuna da ni. Kuma matarka wata bakwai gare ta, kada ka sa in faɗi abin da ban yi niyya ba.

Ɗan Kabu-kabu: Tuba nake Inna 😂

Jarman Matasa: Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina dariya. Jama'a ku buɗe idonku, wannan ba maganar asibiti ba ce, siyasa ce tsagwaronta. Me ya sa sai yanzu? Wa ya sayi takardar, wa ya biya kuɗin bugawa? Mun san masu ɗaukar nauyin irin wannan, an ga zaɓe na matsowa ana so a ɓata wa mai girma ciyaman suna alhali bawan Allah nan ko barci ba ya yi saboda matsalar tsaro. In gyara kuke so ku zo ta hannunmu mu kai ku ku gaishe shi, a yi magana ta mutunci.

Mai Caji: Jarma naira 300 na biya aka buga mini a shagon kwamfuta na bakin tasha, in kana so ka mayar mini ban ƙi ba. Kuma tun bara muka bi ta hannunku, ka manta? Mu shida muka je, muka zauna a ƙasa, aka yi hoto, aka ba mu dubu biyar kuɗin mai, aka ce an ji. Hoton ma na gani a Facebook an rubuta wai matasa sun kai ziyarar goyon baya. Ni ban da jam'iyya, waɗanda ke sama yanzu da waɗanda suka sauka duk wayarsu ɗaya nake cajawa.

Jarman Matasa: To ai ka ga an karɓe ku hannu biyu. Wani wurin ko ƙofa ba za a buɗe muku ba.

Ɗiyar Gusau mai karatun lauya: Yaya Jarma wannan ita ce matsalar ai. An mayar da haƙƙi ya koma alfarma. In ka je gaisuwa ka zauna a ƙasa, abin da aka ba ka kyauta ce sai ka yi godiya, in ba a ba ka ba ba ka da bakin magana. In ka kai takarda aka buga mata hatimi, amsa ta zama bashi a kansu. Kuma wa ya ce tambaya ɓata suna ce? In an ware kuɗin ba su iso ba, amsar ma wanke ciyaman za ta yi. Tun Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, aiwatarwa kuma wata magana ce daban, to ta ina talaka zai san inda abin ya maƙale in bai tambaya ba? Kason kowace ƙaramar hukuma cikin 14 ɗin nan ana wallafa shi duk wata, ba sirri ba ne, mu ne ba mu dubawa.

Malamin Islamiyya: Assalamu alaikum. Ina da gyara kaɗan ga ɓangarorin biyu. Shugaba ana yi masa nasiha ne cikin ladabi, ba a tsaya a kasuwa ana tona shi ba, kuma abin da nake gani a waya yanzu na zagin manya da yi musu ƙazafi da sunan 'yanci, wannan ba 'yanci ba ne, ɗaukar zunubi ne da kuɗin datarka. Amma na karanta takardar Mai Caji, ban ga abin da ya saɓa ba, ai ita ce ma nasihar a asirce, daga hannunka zuwa ofishinsa. Annabi (SAW) ya ce addini nasiha ne, kuma cikin waɗanda ya lissafa har da shugabannin Musulmi. Mu a ƙasar nan ma ba baƙon abu ba ne. Shehu Usmanu ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara, kuma lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Idi ya yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiyar ba, abu biyar ya nema: a bar shi ya yi kira, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke ɗaure, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ku duba da kyau, biyun farko izinin magana ne da izinin saurare. Gaban sarki ya faɗa, da bakinsa, da sunansa. Abin da zan ƙara kawai, a sanar da mai unguwa da hakimi kafin a kai, kada su ji a bakin wani.

Mai Caji: Allah gafarta Malam, an kai wa mai unguwa tun ranar farko, ya ce Allah ya ba da sa'a amma shi ma kada a sa sunansa.

Malamin Islamiyya: To ni a sa nawa. Gobe bayan azahar zan biyo.

Ɗan Kabu-kabu: Ni har yanzu ba a gamsar da ni ba. Ku ɗauki zaɓe, wanda shi ne babban 'yancin da ake ta faɗa. 2019 mun sha rana mun yi layi, aka ce APC ta ci, kafin a rantsar Kotun Ƙoli ta kwashe kujerun kaf, kusan duka suka koma PDP. Bayan shekara biyu wanda aka ba kujerar gwamna ya koma APC ɗin. To ina ƙuri'ata ta tafi? Tun ranar katina yana cikin akwatin mashin, sai in za a karɓi tallafi nake fito da shi.

Malamar Firamare: Ƙanena ka faɗi rabi ka bar rabi. Abin 2019 jam'iyya ce ba ta yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta ce ba, manyanta suna ta rigima, kotu ta ce ƙuri'unta sun tafi a banza, laifin na masu rigimar ne. Amma 2023 fa? A jihar nan gwamna mai ci, da jami'an tsaro da kuɗi da komai a hannunsa, aka kayar da shi a akwati, tazarar ta haura 65,000, aka je har Kotun Ƙoli a Janairun 2024 ta bar wa wanda ya ci. Ban ce wanda ya hau ya fi wanda ya sauka ba, kowa da ra'ayinsa, kuma ni albashina ne shaidata a kan dukkansu. Abin da nake cewa, ranar nan na yi aikin zaɓe a wata rumfa, na ga mata da goyo sun ƙi tafiya gida bayan sun jefa, suka zauna a gindin bishiya har aka ƙirga a gabansu aka manna sakamako suka ɗauki hoto. Wani ya zo da mota yana so a matsa da akwati wai wurin ba tsaro, wata tsohuwa ta ce masa ɗana a nan aka haife ta a nan za a yi mata suna. Bai sake magana ba. A ƙasa baki ɗaya kuwa mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Masu sayen ƙuri'a da taliya da atamfa sun fi kowa murna da irinka mai kati a akwatin mashin, don in mutane kaɗan suka fito kuɗin saye ba ya yawa.

Ɗan Kabu-kabu: Anti kin gama da ni, amma taliyar nan fa ranar ta yi amfani.

Malamar Firamare: Ta kwana nawa a gidanka?

Wani ma'aikaci: Ku yi haƙuri da na shigo da wannan lambar, ba tawa ba ce. Ni a sakatariya nake aiki, kuma gaskiya ba zan sa hannu ba, ina da 'ya'ya bakwai kuma canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ba a iya kwana ba ya buƙatar dogon bayani, layi biyu ne. Ku kira ni matsoraci na yarda. Amma bari in ba ku abin da na sani. Takardar da aka miƙa wa mutum a hannu a bakin mota ko a gida, ta mutu tun a wurin. Ku yi kwafi uku, ku kai wurin rajista inda ake karɓar wasiƙu, ku tsaya sai an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan taku kwafin, kada ku yarda da "aje nan za a duba". In an ce mai hatimi ba ya nan ku tambayi yaushe zai dawo ku zauna. Ku rubuta a ƙasa cewa kun aika kwafi ga hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha da ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu, kuma ku aika ɗin da gaske. Wallahi na ga yadda fuskar oga ke canzawa in ya ga an sa kwafi zuwa Gusau. A shekarun da na yi wurin nan, masu zuwa neman taimakon biki da suna da kuɗin magani ba su ƙirguwa, amma wanda ya zo da takarda yana tambayar lissafi, ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Shi ya sa ba a tsoronku, ba wai don doka ba ta nan ba.

Jarman Matasa: Za mu gano ko wane ne wannan.

Mai Zaure: Jarma goge wannan maganar yanzu ko in fitar da kai. Ba a yi wa kowa barazana a nan. Gargaɗi na farko kuma na ƙarshe.

Jarman Matasa: Wasa nake yi ranka ya daɗe. Na goge.

Baba Tsohon Akawu: Kun gani ko? Ga amsar tambayarka nan Mai Caji, wanga shi na abin da mutane ka tsoro, ba ciyaman ba, na kusa da shi. Ba a mugun sarki sai mugun bahwade. Kai kuma ma'aikaci ba matsoraci kake ba, ka ba da naka.

Inna Ungozoma: Wani abu da na manta. Kowace mazaɓa ana cewa tana da kwamitin ci gaba mai kula da asibiti, kuma inda ake ba asibiti kuɗin nan na asusun lafiya da dokar 2014 ta kafa, shugaban kwamitin na cikin masu sa hannu kafin a fitar da ko kwabo. Namu kwamitin wa ya san 'yan cikinsa? Ranar da anka kira taron zaɓensu mutum goma sha ɗaya sunka zo, ni kaɗai ce mace, sai kansila ya karanto sunaye anka ce an amince. Haka na makaranta. Kujerun nan namu ne, ba mu zuwa, wasu su zauna, sannan mu dawo waya muna kuka.

Malamar Firamare: Inna kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Yara sama da 400 gare mu, taron iyaye na ƙarshe uba takwas suka zo, biyu sun zo ne don sun ji an ce za a raba wani abu.

Ɗalibi ɗan aji uku: Ni a ganina takarda ɓata lokaci ce, mu fito zanga-zanga kawai mu toshe hanyar sakatariya, ai kotu ta ce ba a buƙatar izinin 'yan sanda.

Ɗiyar Gusau mai karatun lauya: Haka ne, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta faɗa tun 2007 a shari'ar jam'iyyar ANPP da Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma sashe na 40 na tsarin mulki ya ba ka damar taro cikin lumana. Amma toshe hanya ba ya ciki ƙanena, kuma ka tuna zanga-zangar Agustan 2024, ka tuna yaran da aka kwasa aka kai kotu Abuja a watan Nuwamba suna faɗuwa don yunwa kafin a sake su. A garin da ke cikin halin da muke ciki, taro in ya ɓaci ba ka san wa zai shigo ciki ba. Mutanen da suka kasa sa hannu a takarda cikin inuwa su ne za su tsaya gaban barkonon tsohuwa? A fara da abin da za a iya. In kwana 14 suka wuce ba amsa akwai gidajen rediyo masu shirin kiran waya, akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a da ofishinta ke Gusau kuma kyauta ne, akwai kotu. Matakala ce, ba a fara hawa daga sama.

Mai Caji: Ni abin da ya sa ma na dage, Satumbar 2021 ce. Kun tuna da aka kashe sabis a jihar nan gaba ɗaya aka rufe kasuwannin mako? Shagona ya mutu murus, wa zai caja wayar da ba ta kira. Mutane na hawa mota har Funtua don kawai su ce wa ɗan'uwa muna nan da rai. Ƙanwata ta haihu a lokacin, mijinta na Legas bai ji ba sai bayan suna. A makonnin nan na ga yadda mutum ke zama in an rufe masa baki, abu ya same ka ba ka da wanda za ka gaya wa. Na ce wallahi in sabis ya dawo ba zan ƙara raina magana ba. Ya dawo, ga shi muna ta tura bidiyon barkwanci da gaisuwar Juma'a.

Manomi daga ƙauye: Wanga gaskiya na. Lokacin nan an shigo muna da dare ba mu da yadda za mu kira kowa. Mai Caji, in dangwale na yi, a kawo. Matata nan za ta haihu in Allah ya kai mu, ba ni da kuɗin asibitin kuɗi. Abin da za su yi mani ai an riga an yi.

Baba Tsohon Akawu: Allahu akbar. To masu digiri kun ji.

Mai Kemis: A sa ni. Da ma kunya ce ta hana ni, kada a ce don ina sayar da magani nake shiga maganar asibiti.

Tela na Bakin Kasuwa: Ni ma, da yarana biyu na shago, duk sun haura sha takwas.

Jarman Matasa: Ni dai na faɗa muku, in abu ya ɓaci kada wanda ya kira ni. Amma Mai Caji turo mini hoton takardar ta akwatin sirri in gani, in da gaske ba sunan kowa to zan san yadda zan yi wa oga bayani kafin ta iso.

Mai Caji: Na tura nan cikin zaure kowa ya gani, ba abin ɓoyo a ciki.

Ɗan Kabu-kabu: To ni ga nawa: ranar da za a kai, ni zan ɗauki Baba kyauta zuwa da dawowa, kuma zan jira a bakin ƙofa ko za a kai magariba. Hannu dai ku bar ni in yi shawara da uwargida.

Inna Ungozoma: Uwargidanka tana cikin huɗun da sunka sa tun makon jiya.

Ɗan Kabu-kabu: Innalillahi. Shi ya sa na ga babban yatsanta da shuɗi ta ce mini wai lalle ne ya ɓaci.

Mai Zaure: To an tsaya a kan Litinin ƙarfe tara, a haɗu shagon Mai Caji. Mutum biyar sun isa, kada a yi gayya. Baba, Malam, Inna, Mai Caji, sai ɗiyarmu lauya in ba ta koma makaranta ba.

Ɗiyar Gusau mai karatun lauya: Sai Laraba zan koma. Yaya Mai Caji ka ƙara layi ɗaya a sama cewa ana neman bayanin ne a ƙarƙashin dokar 2011, ka sa lambar waya da adireshin da za a kawo amsa, zan turo maka yadda za ka rubuta anjima in an kawo wuta.

Inna Ungozoma: Gobe akwai suna gidan maƙwabtana, mata za su taru bayan la'asar. Ka aiko yaro da takardar da abin dangwale, ka ƙaro farar takarda biyu don wurin sa hannun ba ya isa.

Mai Caji: An gama Inna. Yanzu mun kai 17. Shi kuma mai caja, tana nan na aje masa ita a kan takardar, ina buɗewa ƙarfe bakwai.